Yadda ake samun bulon da notin babur masu araha a Maradi

Babur ba ya tsufa rana ɗaya, zubewa yake yi kaɗan-kaɗan. Yau notin madigadi ya faɗi a hanyar Madarumfa, gobe na kariyar ɗaukar kaya ya bi sahu, jibi ka ji salansa tana karkarwa a ƙarƙashinka. Inji mai silinda guda, irin na su Kasea da Haojue da Boxer da suka cika garin nan, jijjiga halinsa ce. Ga gargadar hanyoyin ƙauye, ga yashin cikin unguwanni, ga lodin da muke ɗora masa, buhun gero ko na aya a baya, jarkoki a gefe, wani lokacin har da jar akuya a tsakiya. Ɗauri komai kyansa wata rana sai ya saki.

Abin da aka saba shi ne a tsaya garejin da ya fi kusa, yaron bakanike ya zura hannu cikin gwangwani ya zaro duk wanda ya shiga ramin, a murɗa da ƙarfin tsiya, a biya ƴan daloli a wuce. To, daga nan asarar take somawa. Bulon ba shi da tsada, ramin da yake shiga shi ne mai tsada. Jikin inji alminiyam ne, ya fi ƙarfen bulon laushi nesa ba kusa ba, don haka idan haƙoransu ba su dace ba, na injin ne ke cinyewa. Ka ga an guje wa kashe dala ashirin an faɗa wa kashe jikkuna wurin mai gyaran rami, ko ma sayen murfin inji sukutum. Arahar da nake nufi a nan ita ce ka sayi daidai tun karon farko, ka san wanda za ka samu kusan kyauta, ka kuma san wanda bai kamata ka yi wa rowa ba.

Mataki na farko: raba su gida uku

Kafin ka nufi kasuwa, tambayi kanka: idan wannan bulon ya karye ina cikin gudu da fasinja a baya, me zai faru?

Idan iyakar abin da zai faru shi ne wani abu ya yi ta ƙara har ka iso gida, to wannan ɗan gida na farko ne. Nan ne na madigadi suke, da na allon lamba, da na robobin gefe, da na murfin sarƙa. Kowane irin bulon ya yi, muddin awonsa daidai ne kuma bai ci tsatsa ba. Kada ka kashe kuɗin kirki a kansu.

Gida na biyu su ne masu shiga jikin inji kai tsaye: na murfin kulochi, na murfin wuta, na kafireta, na bakin salansa, da wanda ake kwancewa a ƙasa lokacin juyen baƙin mai. Waɗannan ba ƙarfi suka fi buƙata ba, tsawo da haƙori suke so su zo daidai ba ƙari ba ragi.

Gida na uku kuwa rai ne a hannunsu. Sandar tsakiyar taya ta gaba da ta baya da notunansu, bulon birki, na shokozoba, waɗanda suka maƙale kan babur, waɗanda suka rataye inji a jikin firam, notunan farantin sarƙa na baya, da na matakin ƙafa. Idan kai ɗan kabu-kabu ne ko kana ɗaukar kaya, saka na kariya a cikinsu, don kariyar da ta ɓalle da buhu a kanta tana iya kayar da mutum. A wannan gidan ana neman ragi a kan farashi, amma ba a neman ragi a kan ƙarfe.

Mataki na biyu: auna kafin ka fita

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tafi da tsohon a aljihu. Idan ya riga ya faɗi a hanya, kusan kullum yana da ɗan'uwa a ɗaya gefen babur ɗin. Kwance shi ka tafi da shi. Idan noti ne ya ɓata, tafi da babur ɗin kansa a gwada a kai. Amma ko da samfuri a hannu, akwai abu huɗu da ya kamata ka sani da kanka, don mai shago yana da masu saye goma a gabansa, kallo ɗaya zai yi ya miƙo maka mai kama da shi.

Na ɗaya kauri. A nan mutane da yawa ke rikicewa, domin mun saba kiran bulon da lambar kilen da ke kwance shi, sifana in ji na Kano. Sai ka ji an ce “ba ni lamba goma”. Lambar kile faɗin kai ce kawai, ba kaurin jiki ba. Bulon da kile 10 ke kwancewa kaurin jikinsa milimita 6 ne, shi ake rubutawa M6. Akwai kuma M6 mai ƙaramin kai na kile 8, irin wanda ke kewaye da murfin inji. Akasarin baburan China da muke hawa an kwaikwayo su ne daga na Japan, musamman Honda CG125 da ta fito a tsakiyar shekarun 1970, don haka tsarin Japan suke bi: M8 kile 12, M10 kile 14, M12 kile 17. Na kantin kayan gini kuwa tsarin Turai ne: M8 kile 13, M10 kile 17 ko 16, M12 kile 19 ko 18. Ka ga kile 17 yana iya zama M12 a jikin babur, ya zama M10 a kanti. Idan ba ka da abin awo, buɗaɗɗen bakin kile ya isa: jikin bulon M8 zai shige bakin kile 8 daidai ba tare da lilo ba, na M10 ya shige na kile 10.

Shin M8 mai kan 13 zai yi aiki a wurin mai kan 12? Zai yi, idan wurin yana da fili. Sai dai ranar da ka yi faci a dajin Dakoro ka buɗe jakar kayan aiki ka tarar babu kile 13 a ciki, za ka tuna da wannan magana.

Na biyu haƙori, kuma shi ne ya fi kashe injuna. Bulon biyu suna iya zama kauri ɗaya amma tazarar haƙoransu daban. M5 tazararsa milimita 0.8 ce, M6 1.0, M8 1.25, waɗannan ba su cika ba da matsala ba, don na kanti da na babur duk ɗaya ne. Daga M10 ne rigimar take. M10 na kantin kayan gini tazararsa 1.5, na babur kuwa yawanci 1.25 ne, mai ƙananan haƙora. M12 na kanti 1.75 ne, na babur 1.25, wani wurin 1.5, kamar bulon juyen mai na ƙananan injuna da yawa. Ga yadda za ka gane. Ɗora rula a jikin bulon ka ƙirga haƙoran da ke cikin santimita ɗaya: goma, tazara 1.0 ke nan, takwas, 1.25, tsakanin shida da bakwai, 1.5. Wanda ya fi wannan sauri, haɗa tsohon da sabon gefe da gefe, haƙori cikin haƙori, ka ɗaga su wajen haske. Idan sun rungumi juna babu haske a tsakani, ɗaya ne. Idan suna hawa kan juna, ajiye shi komai arahansa.

Gwajin ƙarshe na yatsa ne. Notin da ya dace, in ba mai roba a ciki ba ne, yana tafiya da yatsu biyu daga farko har ƙarshe. Wanda ya yi zagaye biyu ko uku ya cije, ba “sabunta” ce ta sa ba, kamar yadda yaran gareji ke faɗa suna miƙa hannu ga kile. Haƙorin ne bai dace ba. A cikin gwangwanin tsofaffin kaya har da na awon inci, waɗanda suka fito daga tsofaffin motoci da injunan Ingila da Amurka. Mai 5/16 na inci kaurinsa milimita 7.9 ne, ido ba ya raba shi da M8, amma tazarar haƙoransa daban ce. Yatsa ne kaɗai zai tona shi.

Na uku tsawo. Ana auna shi daga ƙarƙashin kai zuwa ƙarshe, ban da kan. Bulon da ke da noti a bayansa ya kamata ya leƙo da haƙori biyu ko uku bayan an ɗaure. Wanda ke shiga ramin alminiyam kuwa a so ya nutse aƙalla kaurinsa sau ɗaya da rabi, wato M6 ya shiga milimita 9 ko fiye. Gajere zai kama haƙora uku ya tsige su. Dogo ya fi mugunta: zai taɓo ƙasan ramin, ka ji ya yi tauri ka ɗauka ya ɗauru, alhali murfin bai matsu ba, mai yana tsiyaya, ka ƙara murɗawa kuma jikin injin ya tsage. Zura tsinken tsintsiya cikin ramin ka ga zurfinsa, ka haɗa da kaurin murfin, ka rage milimita biyu. Kuma duk ranar da za a buɗe murfin inji, samu kwali ka zana siffar murfin, ka huda, ka soke kowane bulon a gurbinsa, don ba tsawo ɗaya suke ba.

Na huɗu siffar kai. Da yawa daga na babur suna da faffaɗan gindi a ƙarƙashin kai, wanda ke aikin rondel, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda da ake sawa a ƙarƙashin kai. Idan ka maye shi da mai kai tsura, sa masa rondel. Sannan ka lura da madubi: a baburan Yamaha na hannun dama haƙorin hagu ne, ana ɗaure shi ta inda ake kwance sauran. Duba naka da kyau kafin ka hau shi da ƙarfi.

Mataki na uku: karanta kan bulon

Goge kan da yatsa ka duba. Za ka ga lamba kamar 4.8, 8.8, 10.9 ko 12.9. Lambar farko tana faɗin nauyin da ƙarfen zai ja kafin ya tsinke: 8 na nufin kusan kilo 80 a kan kowace murabba'in milimita, 4 kuma kilo 40. A aikace, M8 mai 8.8 yana kai wa wajen tan 3 kafin ya tsinke, mai 4.8 kuwa rabin haka. Lamba ta biyu tana nuna inda zai soma miƙewa ba ya komawa. 8 na nufin kashi 80 cikin 100 na wancan nauyin. Kai ɗaya, kauri ɗaya, launi ɗaya, amma ƙarfin ɗaya ya ninka na ɗaya.

Ƙa'idar da nake bi: gida na uku 8.8 ne mafi ƙanƙanta, kuma idan wanda ka cire 10.9 ne, to 10.9 za ka mayar. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan a sababbin kayan kanti, ɗauke shi a matsayin mai laushi, na ƙofa da taga ne. Na asalin baburan Japan wani lokaci lamba guda suke ɗauke da ita, kamar 4 ko 7, kuma 7 ɗin ya fi 4 ƙarfi. Noti ma yana da tasa lambar, 8 ko 10, kuma ya kamata ta kai ta bulon da zai hau.

Farin ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, mai rubutun A2-70, samari na sonsa don ado. Ya yi kyau a allon lamba da robobi. Amma bai kai 8.8 ƙarfi ba, yana soma miƙewa da wuri, kuma yana da halin cijewa a cikin noti har ya ƙi fita. Kada ya kusanci birki ko shokozoba. Maganaɗisu ba ya kama shi sosai, da haka za ka gane shi idan rubutun ya goge.

Ita ma lambar ana buga ta ƙarya. Babu yadda za ka tabbatar a tsaye a bakin shago, amma akwai alamu: rubutu mai kyau a fili tare da tambarin masana'anta, haƙora masu santsi ba masu ƙaiƙayi ba, kai a tsaye daidai kan jiki. Idan ka goga magagari a gefen kan ya shige kamar sabulu, wannan ba 10.9 ba ne ko da an rubuta sau goma.

Mataki na huɗu: inda ake zuwa

Soma da masu yankan tsofaffin babura da ƴan gwangwan. A ganina nan ne araha da inganci suka haɗu. Babur ɗin da injinsa ya mutu ko ya yi hatsari, akasarin bulon da ke jikinsa lafiyarsu ƙalau, kuma na asali ne da masana'anta ta zaɓa wa wannan gurbi: kauri, haƙori, tsawo, ƙarfi, duk an riga an yi maka lissafi. Bakaniken unguwarku, ko a Ali Ɗan Sofo kake ko Zariya ko Bagalam, ya san wanda ke yanka irin babur ɗinka, tambaye shi. In ka je kada ka tsinci na cikin tarin ƙasa. Nemi firam irin naka ka ce a kwance maka daga gurbin da kake so kana kallo. Mafi kyau ma ka sayi na firam ɗin gaba ɗaya a dunƙule, ka kai gida ka rarraba, domin ɗaya-ɗaya ne ke sa tsada. Abu guda: idan babur ɗin hatsari ya yi, bar na wajen da ya bugu. Sandar taya da bulon kan babur na gaban da ya daki mota ba abin ɗauka ba ne, ko da ido bai ga lanƙwasa ba.

Sai masu sayar da kayan gyaran babur, na cikin babbar kasuwa da na bakin titi. Wurinsu za ka je don abin da ba shi da madadi: sandar taya da notinta, dogayen sandunan da ke riƙe da kan silinda, notin kulochi, bulon juyen mai da rondel ɗinsa, notunan farantin sarƙa. Faɗi sunan babur da girman injinsa, kada ka ce “na 125” kawai. Kuma kusan kowane kaya yana da daraja biyu ko uku a shago ɗaya. Idan ba ka tambaya ba, mai arahar za a ba ka, don shi aka fi saye. Ka ce a fito maka da duka ka gwada su a hannu. Nauyi da kyan haƙori za su gaya maka bambancin.

Kantin kayan gini da ƙarafa, kenkayeri, shi ne wurin M5 da M6 da M8 na gida na farko, da rondel, da notuna masu roba a ciki. A nan saye da yawa ke da riba, dozin ko kwali. Idan kuna da tasha ta ƴan kabu-kabu, ku haɗa kuɗi mutum biyar ko goma ku sayi kwalin M6 da na M8 ku raba. Amma M10 da M12 na kenkayeri, kamar yadda na faɗa, sai an gwada haƙori. Shagunan kayan mota sun fi dacewa da waɗannan, don motocin Japan ma ƙananan haƙora suke amfani da su, kuma a can ne aka fi samun 10.9 na gaske.

Wuraren da ake haɗa sababbin babura daga kwali su ma suna da ragowa. Sai dai ka bambance: bulon da ya riƙe ƙarafan akwatin da aka yo jigilar babur a ciki na wucin gadi ne, mai laushi. Ya yi wa madigadi, iyakarsa ke nan.

Kaya da yawa na shigowa ne ta Ɗan Isa daga Jibiya da Katsina da Kano, shi ya sa farashinsu ke rawa da canjin naira da sefa, da kuma halin da iyaka take ciki. Wanda ya ga yadda kayan gyara suka yi wuya lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya san amfanin ajiya. Idan akwai abin da ka rasa a gari, ba wa direban da ke zuwa Kano saƙo ya duba maka a kasuwar Ƙofar Ruwa, amma ka haɗa shi da samfuri a ƙulle cikin leda, da awon a rubuce kamar haka: M10 × 1.25 × 40, 10.9. Saƙon baki ba ya sayo bulon daidai.

Mataki na biyar: tantance na hannu, sannan ciniki

Jiƙa tsofaffin cikin kananzir ko gazuwal su kwana, ka goge da buroshin waya, sannan ka duba su ɗaya-ɗaya. Mirgina kowanne a kan gilashi ko tebur mai santsi; mai lanƙwasa zai yi ɗingishi. Duba wuyansa, inda haƙora suka fara: idan ya sirance, an taɓa ja masa fiye da ƙima, ya miƙe, saura karyewa. Jefar da mai tsagewa a ƙarƙashin kai, da wanda tsatsa ta yi wa ramuka, da wanda kusurwoyin kansa suka mulmule, da wanda ya yi shuɗi don an gasa shi da wutar walda. Tsatsar sama-sama da buroshi ke cirewa ba komai ba ce. Noti mai roba da filin da ake sokewa a notin taya kuwa ba a sayen na hannu, sababbinsu ba su da tsada.

Wajen ciniki, wanda ya san abin da yake nema ba a yi masa farashin baƙo. Kwatanta mai cewa “Alhaji, wani ɗan noti nake nema na wajen nan” da mai cewa:

“Salamu alaikum, Alhaji, barka da kasuwa. M8 nake so mai tsawon talatin, takwas da takwas, guda goma da notunansu.”

“Akwai. Ga wannan, ga kuma wannan, ya ɗan fi kuɗi.”

“Mai kyan za ka ba ni. In na ɗauki ashirin nawa za ka sallama?”

Daga nan magana ta koma ta sari. In ya ce albarka, ƙara kaɗan. In kun daidaita, nemi gyara da rondel, da wuya a hana ka. Ka kuma yi sharaɗi tun kafin ka biya cewa wanda bai shiga ba za ka dawo da shi a canza. Litinin da Juma'a kasuwa cike take da mutanen ƙauye, mai shago ba shi da lokacin zazzage maka gwangwani. Je ka wata ranar da hantsi. Idan ka samu mai gaskiya, riƙe shi. Shi ne wata rana zai ce maka “bar wannan, ba na aikinka ba ne”.

Mataki na shida: ɗaura shi yadda ba zai sake faɗuwa ba

Share ramin tukuna. Yashin garin nan yana shiga ko'ina, kuma yashi a cikin haƙori yana sa ka ji tauri tun ba a ɗauru ba. Soma murɗawa da yatsu, kile sai a ƙarshe. Murfi mai bulon da yawa ana ɗaure shi ne a gicciye, wannan gefe sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan zagaye biyu ko uku.

Yawan ƙarfi ya kashe M6 fiye da yadda jijjiga ta kashe. Littattafan gyara na Honda suna ba M6 wajen 10 zuwa 12 a ma'aunin Nm, M8 22 zuwa 27, M10 34 zuwa 39. Ma'anar 10 ɗin a hannu ita ce nauyin kilo 7 kacal a ƙarshen kile mai tsawon santimita 15. Wato wuyan hannu ya isa, ba kafaɗa ba. Duk yaron da ka ga ya zura bututu a kile 10 don ƙarin ƙarfi, karɓe babur ɗinka.

Don hana kwancewa, noti mai roba a ciki ya fi rondel mai tsaga aiki, amma ba a sa shi a salansa ko kan silinda, zafi na narkar da robar. Wurin zafi sai noti na ƙarfe zalla, ko biyu a matse da juna. Akwai kuma ruwan gam na haƙori, irin su Loctite: shuɗin ake so, ɗigo ɗaya a haƙori busasshe marar mai, kuma kile na kwance shi daga baya. Jan sai an gasa da wuta yake saki, bar shi. Notin taya mai tsage-tsage a kai fil ake soke masa a tanƙwara ƙafafunsa. Ƙusa ko guntun waya da ake cusawa na kai ka gida ne kawai. Wanda kuma ya ce a ɗiga wa noti walda don kada ya sake kwancewa, tambaye shi yadda za a yi ranar da ake son kwance shi.

Idan aikin gama ya riga ya gama

Bulon da ya yi tsawo ana iya rage shi. Murɗa masa noti tukuna har ya wuce inda za ka yanke, yanke da zarto, goge bakin da magagari, sannan ka kwanto notin. Fitarsa za ta daidaita haƙoran da zarto ya ɓata.

Wanda ya cije, zuba masa mai ka ba shi lokaci, ka ɗan bubbuga kansa da guduma, ka yi amfani da kile mai zobe ba mai buɗaɗɗen baki ba. Sukurori masu kan gicciye na baburan Japan, waɗanda ke da ɗan ɗigo a kai, bakinsu ya ɗan bambanta da na sukundireban kasuwa, shi ya sa suke saurin cinyewa. Danna da ƙarfi sosai kafin ka juya. Idan bulon ya karye ya bar guntu a waje, mai walda zai liƙa masa noti a kwance shi, zafin ma yana taimakawa. A cire waya daga batir kafin a soma. Idan ya karye a ciki, kai wa mai injin huda da ya saba, kada a gwada a gida.

Ramin da haƙoransa suka cinye yana da gyara iri biyu. Mai sauƙin shi ne a faɗaɗa shi a yanka sabon haƙori, M6 ya koma M8, idan akwai isasshen nama a kewaye. Wanda ya fi shi ne a dasa masa zoben haƙori na waya, wanda ake kira Helicoil, ramin ya koma awonsa na asali; wannan ne ya dace da ramin buji da na juyen mai. Naɗa zare ko leda a jikin bulon, ko cusa masa tsinken ashana, ba ya riƙe mai mai zafi.

Daga nan sai ka ware gwangwanaye uku a gida, na M6, na M8, da na sauran, duk wanda aka cire mai lafiya ya shiga nasa. A jakar babur ka riƙa yawo da M6 huɗu da M8 biyu da notunansu, da kile 8, 10, 12, 14 da 17. Duk ranar juyen mai, kafin a zuba sabo, bi na gida na uku da kile ɗaya bayan ɗaya, ka fara da na birki da na tayar gaba. Wanda ka tarar ya saki sau biyu a jere, ba ƙarin ɗauri yake so ba. Cire shi ka duba wuyansa da haƙoran raminsa.